Amanar Kifi

Yau shekarata 22 ina aikin akawu. Ran da na fara, tsohon akawun da aka haɗa ni da shi ya zaunar da ni, ya ce, "Yaro, abu biyu zan gaya maka. Takarda ba ta fita ofishin nan sai an bar kwafinta a fayil. Littafi kuma ba a rufe shi sai an kwashe lissafinsa an kai cikin sabo, sa'an nan a tashi a je sito a ƙidaya da ido, a ga ko abin da ke rubuce shi ne a ƙasa." Na riƙe wannan magana shekara da shekaru, ban taɓa saɓa mata a wurin aiki ba. Amma ran da ta biyo ni gida sai na mance da ita, har aka yi asarar rai biyu. Ko da ya ke rayukan na kifi ne, amana aka ba ni, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta yadda abin ya faru.

Cikin shekarar 2022 ƙanena ya sami tafiya ƙarin karatu ƙasar Malesiya. Ya rarraba kayan ɗakinsa ga 'yan'uwa, amma akwai abu guda da ya ce ba mai riƙe masa sai ni, watau akwatin kifinsa. Akwati ne na gilashi mai cin ruwa lita 200, daidai da jarka 8 irin ta 'yan garuwa. A cikinsa akwai kifi 12. Goma daga ciki dangin karfasa ne ƙanana, masu launin ruwan ɗorawa, waɗanda asalinsu daga Tabkin Malawi ne, sauran biyun kuwa ƙurungu ne irin wanda masuntanmu suka sani. Da aka shigo da shi gidana a nan Kano, uwargida ta tsaya ta dube shi, ta ce, "Malam, kifin da ba ya shiga miya, mene ne amfaninsa?" Na ce mata ai ba yau aka fara ba, gama tun shekarar 1853 aka buɗe ɗakin kallon kifi a gidan namun daji na birnin Landan, kuma wani masanin halittu na Ingila mai suna Philip Henry Gosse ya rubuta littafi a kan sha'anin cikin 1854. Ta ce ita dai ba ta ga abin kallo ba. Ba a yi wata guda ba sai ga shi ita ke tuna mini lokacin ba su abinci. Auta kuwa, wadda a lokacin shekararta 6, har ta raɗa wa ko wannensu suna.

To, kiwon kifi a akwati ba kamar kiwon kaji ba ne. Kaza in ta ji sanyi ta nemi lungu, in ta ji zafi ta nemi inuwa. Kifi ba shi da inda za shi, kuma zafin jikinsa na bin zafin ruwan da ya ke ciki. Kifayen Malawi sun fi jin daɗi in ruwa yana tsakanin digiri 24 da 28. Mu kuwa a nan, da hunturu dare kan yi sanyi ƙwarai, da bazara kuma zafi kan kai digiri 40. Sabo da haka akwai hita a cikin ruwan domin ɗumama shi, akwai kuma 'yar fanka a bayan murfin, mai hura iska a kan fuskar ruwa domin ya huce, kamar dai yadda ruwan randa ke yin sanyi. Ban da waɗannan akwai fitila, da famfo mai jan ruwa ya bi da shi ta cikin soso ya tace shi. A cikin soson nan waɗansu ƙwayoyin halitta ke zaune, ido ba ya ganinsu, su ne ke cinye gubar da ke fita daga kashin kifi, wadda a ke kira amoniya. In famfo ya tsaya awoyi da yawa iska ta ƙare musu su fara mutuwa, gubar kuwa ta taru.

Duk waɗannan kaya wata 'yar na'ura ke sarrafa su, girmanta bai wuce tafin hannu ba. Tana da wani tsinke da ke tsome cikin ruwa yana auna zafi, tana kuma da jerin soket masu lamba inda a ke cusa filogin ko wane abu. In ruwa ya sauka ƙasa da digiri 25 sai ta ba hita wuta, in ya haura 27 ta ba fanka. Da safe ta kunna fitila, da dare ta kashe. In wani abu ya ɓaci sai ta aiko da gargaɗi a wayata. Mu a gida mai gadi mu ke ce mata, gama ba ta barci. Ran da ƙanena zai tafi ya ce, "Yaya, abinci da canjin ruwa su ne naka. Wannan kuwa na riga na saita ta, in ba dole ba kada a taɓa."

Shekara ɗaya da rabi ban taɓa ba. Sai cikin watan Janairu na 2024, ran wata Laraba bayan sallar lisha, na buɗe waya na ga saƙo daga masu na'urar, wai akwai sabon umarnin ciki, in ina so in danna a ɗora mata.

Bari in ɗan tsaya in bayyana abin da a ke nufi da wannan, gama ni ma sai daga baya na fahimta. Ko wace na'ura irin wannan, da wayar hannu, da talabijin na zamani, akwai wani rubutu da masu ƙera ta suka ajiye a cikinta, shi ne ke gaya mata yadda za ta karanta ma'auni, da yadda za ta ba da wuta, da yadda za ta yi magana da waya. Turawa suna kiransa famwaya, sunan da wani Ba'amurke mai suna Ascher Opler ya fara amfani da shi cikin 1967. A dā in an rubuta shi an gama ke nan, sai dai a cire ƙwayar a sa wata. Amma wajen shekarar 1980 wani injiniya na ƙasar Japan, Fujio Masuoka, da ke aiki a kamfanin Toshiba, ya ƙirƙiro wata irin ma'ajiya wadda ke riƙe rubutu ko babu wuta, kuma a na iya shafe ta da lantarki a sake rubutawa, kamar yadda a ke wanke allo a yi sabon rubutu. Wannan ne ya sa yau a ke iya aiko da sabon umarni ta intanet. Sai dai kowa ya san akwai ɗan lokaci tsakanin wanke allo da gama rubutu, wanda a cikinsa allon ba shi da tsoho, ba shi da sabo. Waɗansu na'urori suna da allo biyu, ba su barin tsohon sai sabon ya kammala sun duba shi. Tamu ba ta cikin waɗannan.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na saba ganin irin wannan saƙo a wayata, in danna ta yi abinta, sai na ɗauka duk ɗaya ne. Ban tuna cewa waya tana da batir a jikinta ba, ita kuwa wannan da wutar gida ta dogara. A ranar tun azahar aka ɗauke wuta, muna kan inbata, ga shi hazo ya rufe rana kwana uku, ƙura kuma ta lulluɓe faifan sola, batir bai cika ba. Duk na san wannan, amma na danna. Wani layi ya fara tafiya a fuskar waya, ya kai kashi 40 cikin 100, ya kai 55, sai na ji inbata ta yi ƙara sau uku, ɗaki ya yi duhu.

Na fita da tocila na ta da ƙaramin janaretanmu. Wuta ta dawo ko ina, amma ban da akwatin kifi. 'Yar fitilar da ke jikin na'urar sai ƙiftawa ta ke yi, famfo shiru, hita shiru. Na cire na mayar, na sake cirewa na mayar, ba abin da ya sake. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, lafiya?" Na ce, "Mai gadi ya suma." Nan na durƙusa bayan kabad cikin duhu, na zare filogi duka huɗu daga jikin na'urar, na kai famfo da hita soket na bango, domin hitar tana da nata ma'auni a jikinta, tana iya kashe kanta in ruwa ya yi ɗumi. Filogan nan duk baƙaƙe ne, kamarsu ɗaya, ba wanda ke da alama. A lokacin ban kula da wannan ba.

Malesiya tana gabanmu da awa 7, sabo da haka na jira har ƙarfe 11 na dare, lokacin da na san ƙanena ya tashi sallar asuba, na buga masa. Na zaci zai yi fushi, sai ya ce, "Yaya, kwantar da hankalinka, ba ta mutu ba." Ya bayyana mini cewa akwai wani ɗan ƙaramin sashe na umarnin da ba a shafewa lokacin sabuntawa, aikinsa kawai ya ta da na'urar ya karɓi sabon rubutu, kamar masinjan da ke riƙe da mabuɗin ofis ko da akawu bai zo ba. Ƙiftawar fitilar nan shi ne ke cewa yana jira. Kashegari na aro kwamfuta, na haɗa ta da na'urar da waya, ƙanena yana gaya mini abin da zan danna ɗaya bayan ɗaya. Kafin la'asar na'ura ta farfaɗo. Na yi hamdala, na ce wahala ta ƙare.

Ashe ba ta ƙare ba. Na'urar ta tashi ne kamar ran da ta fito daga kanti. Duk abin da ƙanena ya saita ya tafi, ba ta san wace soket ce ta hita ba, ba ta san digirin da mu ke so ba. Ya tambaye ni, "Yaya, ka ajiye kwafin saitin kafin ka fara?" Na yi shiru. Ashe akwai wurin da a ke dannawa a ajiye shi a waya, aikin da bai fi minti ɗaya ba, kuma ko ba wannan, da alƙalami da takarda sun isa. Ni da na shekara 20 ina yi wa yara faɗa a kan kwafi, ga ni ba ni da ko layi guda. Ya faɗa mini abin da ya tuna, na rubuta cikin wayar: soket ta 1 hita, ta 2 fanka, ta 3 famfo, ta 4 fitila. Sa'an nan na koma bayan kabad na mayar da filogai. Famfo ya tashi, fitila ta kama. Hita da fanka kuwa ba wadda ta motsa, kuma daidai ne kada su motsa, gama ruwan yana digiri 26 a lokacin. Na rufe kabad na tafi masallaci.

Da safe na duba waya na ga digiri 22, a gefe kuma an rubuta hita tana kunne. Na ce to, sanyin jiya ne ya yi yawa, tana nan tana aikinta. Kifayen ba su ci abinci sosai ba, amma ina sauri, na wuce ofis. Safiya ta biyu Auta ta zo ta same ni ina shan koko, ta ce, "Baba, mu muna rufa da bargo, me ya sa a ke yi wa kifi fifita?" Na tashi na ɗaga murfi, sai ga fanka tana ta juyawa. Na taɓa hita na ji ta sanyi ƙalau. Ma'auni ya nuna digiri 19, kifayen duk sun kwanta a ƙasa sun maƙale fukafukansu.

Abin da ya faru shi ne na sa filogin fanka a gurbin hita, na hita a gurbin fanka. Ruwa na yin sanyi sai na'ura ta ba soket ta 1 wuta, tana nufin ta ɗumama, fanka ta tashi. Iskar hunturu kuwa busasshiya ce, tana kwasar ruwa da sauri, ruwan ya ƙara sanyi, na'ura ta ci gaba da ba da wuta. Dare biyu tana yin haka da iyakar gaskiyarta. Gargaɗin da ya kamata ya zo wayata shi ma ya tafi tare da tsohon saiti, ban mayar da shi ba. Abin da ke littafi dabam, abin da ke sito dabam, ni kuwa na tsaya ga littafi ban je na ƙidaya ba. Da a ce bazara ce, da hita za ta kunna wa ruwan da ya riga ya yi zafi.

Na gyara filogai, na bar ruwan ya hau a hankali, gama ɗumama shi farat ɗaya wata cutar ce. Amma sanyi ya riga ya raunana su. Bayan kwana huɗu sai ga fararen ɗigo-ɗigo a jikinsu kamar an barbaɗa musu gishiri, suna goga jiki a kan duwatsu. Wata ƙwayar cuta ce da kan kama kifi in ya galabaita. Muka yi magani mako biyu, muna ɗaga zafin ruwa kaɗan kaɗan, muna yawan canja shi. Goma suka warke, biyu daga cikin masu ruwan ɗorawa suka mutu, ɗaya kuwa ita ce babbar macen da ƙanena ya fi so, wadda ya raina tun tana kamar ƙwayar shinkafa. Auta ta yi kuka, ta haƙa rami gindin bishiyar lemo ta binne su. Ni kuma na kwana biyu ina jujjuya yadda zan gaya masa. Da na gaya masa ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, "Allah ya sa iyakarta ke nan, Yaya. Ni ma da laifina, da na bar maka a rubuce." Wannan magana ta fi mini zafi bisa ga a ce faɗa ya yi.

Bayan wannan na yi niyyar ba zan ƙara sabunta kome ba har ya dawo. Shi ne ya hana ni. Ya ce masu ƙera na'ura su kan gano kurakurai bayan sun sayar, sabon umarni shi ne hanyar gyarawa. Kuma duk abin da ke haɗe da intanet ƙofa ce, in an bar ta da tsohon kwaɗo ɓarayi su kan koyi buɗe ta. Ya ba ni misalin da ban mance ba. Cikin shekarar 2017 wani kamfanin tsaron kwamfuta na Ingila mai suna Darktrace ya ba da labarin wani gidan caca a Amurka ta Arewa, inda ɓarayi suka shiga kwamfutocin gidan ta hanyar na'urar akwatin kifi da ke haɗe da intanet, suka kwashi bayanai suka aika da su wata na'ura a ƙasar Finlan. Watau barin tsoho yana da nasa haɗari, ɗora sabo yana da nasa. Abin da ya rage ga mutum shi ne ya san lokacin da zai yi, da yadda zai yi.

Da wani saƙon ya sake zuwa bayan watanni, ban danna a ranar ba. Na karanta bayanin abin da aka canja, na bar shi mako biyu, domin in akwai aibu a cikinsa masu shi su gano su gyara. Na sayi littafi mai bango mai ƙarfi, na rubuta lambar tsohon umarni, da aikin ko wace soket, da digirin kunnawa da na kashewa, da lokacin fitila, da iyakar da a ke yin gargaɗi. Na ajiye kwafi a waya kuma. Na yanka filasta na naɗa wa ko wane filogi, Auta ta rubuta sunansa da hannunta. Na zaɓi safiyar Asabar, ran da ba ni zuwa ko ina, batir cike, janareta da mai a ciki. Na kai famfo soket na bango tukuna, domin ko na'ura ta tsaya ruwa ya ci gaba da gudana. Na haɗa ta da waya maimakon in dogara ga intanet ta iska. Sa'an nan na danna, na naɗe hannu, ban taɓa kome ba har ta gama ta tashi da kanta. Duka duka minti 6 aka yi.

Amma aikin na gaske sai bayan nan. Na bi littafi layi layi ina gwadawa da abin da ke cikin waya. Na kunna ko wace soket ita kaɗai, na tashi na je na ga abin da ya motsa. Na zaro tsinken awo na tsoma shi cikin kofin ruwan sanyi, na ga fitilar hita ta kama, gargaɗi ya shigo waya. Na tsoma shi cikin ruwan ɗumi, hita ta mutu, fanka ta tashi. Na gwada abin da ya ke nunawa da na wani ma'aunin gilashi mai araha da na manna a jikin akwatin, suka zo daidai. Ma'aunin jikin hita kuma na tsai da shi a digiri 28, domin ko na'ura ta rikice wata rana, hita ta kashe kanta. Na wuni a ɗakin, da dare kuma na tashi sau biyu na sa hannu cikin ruwa. Zuwa da kai ya fi aike.

Yanzu in na ga saƙon sabuntawa, ko a waya ne, sai in tuna da ran da a ke canja akawu a ofis. Tebur shi ne, kujera ita ce, hatimi shi ne, amma wanda ke zaune sabo ne, ko da kuwa ya fi na dā ƙwarewa. Ba a barinsa sai an miƙa masa takardar barin aiki, an zaga da shi sito, an kuma sa masa ido kwana biyu. Mai gadinmu yana nan yana aikinsa, ban raina shi ba, gama ya fi ni haƙurin tsaro nesa ba kusa ba. Sai dai ba shi aka ba amana ba, ni aka ba.

Kifi goman nan suna nan lafiya, har ɗaya daga cikinsu ta yi 'ya'ya. Irinsu a baki uwa ke riƙe ƙwai wajen mako uku, ba ta cin abinci, sai sun ƙyanƙyashe ta sake su. Mun ƙidaya 7 da suka rayu. Na rubuta ranar a littafin, na ɗauki hoton shafin na aika wa mai su.